Takardar da Na Tarar a Kwallar Goggo

Lacca ga iyaye mata da magidanta a Nasarawan Doya, bayan Ƙaramar Sallah



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan Sallah lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na nan Nasarawan Doya, da waɗanda suka taso daga Mayere, Gubuchi da Gimi, da baƙinmu na Hunkuyi da Paki, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Zan fara da neman afuwa. Maganar da na zo da ita tana da nauyi a baki, balle a gaban iyaye. Amma ni ungozomar asibiti ce, na ga abin da shiru yake yi wa mata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na ambaci abin da kunne bai saba ji a taro ba, ku yafe mini.

Kowace mace a nan ta san kwalla. 'Yan matan yanzu sun koma akwati da durowa, amma iyayenmu a kwalla suke adana abin da ya fi musu daraja. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana da wata babba mai zanen jan fure a saman jere, ba mai taɓa ta sai ita. Muna yara, ranar jajibere kaɗai muke ganin an sauko da ita. Da ta ɗaga murfin sai ƙamshin turaren wuta da kafur ya cika ɗakin, ta zaro zanen da za ta ɗaura, ta kwance bakin ɗankwali ta ba kowannenmu barka da Sallah.

Ta rasu tsakanin Sallah ƙarama da babba, ina shekarar farko a makarantar koyon aikin lafiya. Abin da aka riƙa faɗa wa masu zuwa gaisuwa shi ne, "Ta daɗe tana fama da ciwon mata." Ba wanda ya ƙara tambaya. Da aka zo rabon gado, aka sauko da kwallar a gabanmu. A sama akwai turmin atamfa da ɗanta ya saya mata na Sallah, ko yanka shi ba a yi ba. Ƙarƙashinsa hoto guda, ita da 'ya'yanta mata uku sun yi anko a gaban labulen mai hoto. Can ƙasa sai ga tsummoki wankakku tas, an ninke su ɗaya kan ɗaya kamar kayan jariri, sun fi ashirin. Gefensu ƙulle-ƙullen sassaƙe da kwalaben maganin sanyi da suka ƙare. A gindin kwallar kuma wata takarda a cikin ambulan. Da yake ni ce mai karatun boko a ɗakin, aka miƙo mini. Takardar tura majinyaci ce zuwa asibitin koyarwa na Shika, da sa hannun likita da kwanan wata. Na lissafa, shekara biyu da wata huɗu kafin rasuwarta.

Ashe Goggo ta je asibiti sau ɗaya, an duba ta, an ce ta wuce gaba, ta dawo gida ta sa takardar a kwalla ta rufe. Sallah biyar muka yi da ita bayan nan. Tana wanke tsummokin nan da dare, tana shanya su a cikin ɗaki, da safe ta fito ta tuƙa mana tuwo. Ni ba na cikin magada, don haka na roƙi 'ya'yanta su bar mini takardar, suka bar mini. Tana wurina har yau.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ta tafiya. Kuɗi yana ciki, ba shakka. Kunya ma tana ciki. Amma bayan shekarun da na yi ina wannan aiki, na tabbata babban abin da ta rasa shi ne mace guda wadda ta taɓa bin wannan hanya, da za ta ce mata, "Ni ma na je, ga yadda ake yi, tashi in raka ki."

Bari mu fara daga jinin. A garuruwanmu, in mace ta ga jinin da ba ta gane masa ba, tambayarta ta farko ita ce, "Zan yi salla ko ba zan yi ba?" Tambaya ce ta mai tsoron Allah. Sai ta je wurin malamar Islamiyya, ko ta aika a tambayo malam, a ce mata in ya wuce kwana goma sha biyar ba haila ba ne, jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Amsar daidai ce a fiƙihunmu. To amma ku saurari sunan da kanku: jinin ciwo. Allah ya gafarta malam, roƙona gare ku shi ne, duk sanda kuka ba da wannan fatawa, ku ƙara mata jumla ɗaya, ku ce ta je asibiti a nemo ciwon. Matan da ke zuwa wurinku da wannan tambaya sun fi waɗanda ke zuwa wurinmu yawa nesa ba kusa ba, kuma kuna riga mu ganinsu da watanni.

Jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, ruwa mai wari wanda aka sha maganin sanyi har aka gaji bai ɗauke ba, duk abin zuwa asibiti ne. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne jinin da ya dawo wa macen da al'ada ta ɗauke mata shekara guda ko fiye. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini tana dariya, "'Yar nan, ƙuruciya ce ta dawo mini." Iya, al'ada in ta tafi ba ta dawowa. Ba kowane irin wannan jini ne alamar ciwon daji ba, sau da yawa ƙaramin abu ne da ake magancewa nan da nan, amma ba mai iya bambancewa sai an duba.

Abin da muke dunƙulewa mu ce "ciwon mata" ba abu ɗaya ba ne. Akwai sankarar cikin mahaifa, wadda ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, musamman masu ƙiba da ciwon suga. Akwai ta ma'ajiyar ƙwan haihuwa, mai zuwa a ɓoye da kumburin ciki da saurin ƙoshi, a yi ta shan maganin gyambon ciki ana ɓata lokaci. Akwai wadda kan biyo bayan cikin da ya lalace ya fito ƙulu-ƙulu kamar 'ya'yan inabi, ita kuwa tana jin magani ƙwarai in an kama ta. Amma wadda ta fi cinye mu ita ce sankarar bakin mahaifa, ta biyu a matan ƙasar nan bayan ta mama. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ke kamuwa da ita a Nijeriya a shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa. In kun raba, mata 22 ke nan kowace rana, sun fi cikin bas ɗin haya guda.

An san mai jawo ta. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wani likitan Jamus mai suna Harald zur Hausen ne ya gano alaƙarta da wannan daji, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Tana da iri-iri, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari. Ta kwanciyar aure ake ɗaukar ta, kuma a nan nake so magidanta su buɗe kunne. Wannan ciwo ba shaidar lalata ba ne. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a duniya, yawancin waɗanda suka ɗauke ta jikinsu ne ke kashe ta ba su ma sani ba. Mace tana iya samun ta a ɗakinta na fari, ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, shi ma yana ɗauke da ita babu wata alama, wataƙila tun daga wani aure da ya gabata. Duk wanda ya zargi matarsa a kan wannan ciwo ya zalunce ta.

Rahamar da ke cikin lamarin ita ce cutar ba ta gaggawa. Daga shigar ƙwayar zuwa zamanta daji akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, sai ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ita takan yi sauri. A cikin waɗannan shekaru akwai gwaji mai sauƙi: ma'aikaciyar lafiya, mace 'yar'uwarki, ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, in akwai wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari, a kashe shi da wata ƙaramar na'ura, ki koma gida a ranar. Ana so mace ta fara wannan gwaji daga shekara 30, tana lafiya lau, ba sai ta ga jini ba.

Ga kuma rigakafi. Ranar 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, allura ɗaya tak. An fara da jihohi irin su Kano da Jigawa, aka iso mu nan Kaduna a watan Mayu 2024, aka yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Na san abin da wasu suka ce, wai ta hana haihuwa ce. Ba na raina wannan tsoro, don yana da tushe: mun tuna gwajin maganin da aka yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, shi ne ma ya ƙara rura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Amma ita wannan allura ba a kanmu aka fara ta ba. Ostireliya ta fara yi wa 'yan matanta tun 2007, Ruwanda tun 2011, waɗanda aka yi wa a lokacin sun yi aure sun hayayyafa. 'Yata ta cikina an yi mata, ni na riƙe mata hannu.

To, wannan ga waɗanda ciwon bai kama ba ke nan. Yanzu ga wadda ya riga ya kama, wadda aka ba takarda irin ta Goggo.

In an same shi da wuri, aiki ake yi a cire. In ya ɗan yi nisa, sai gashi da allurar kemo. Kalmar nan "gashi" ita kaɗai ta hana mata da yawa tafiya. Na taɓa raka wata majinyaciya, muna zaune a benci muna jiran a kira ta, jikinta yana ɓari, ta kama hannuna ta ce, "Anti, da gaske gasa ni za a yi kamar nama?" Kafin in buɗe baki, wata mata da ke gefenmu, ramammiya, da carbi a hannu, ta juyo ta ce, "Haba 'yar'uwa, yau kwanana goma sha bakwai ina shiga. Kwanciya kawai za ki yi, injin ya zagaya ki, ba wuta, ba zafi, kafin ki gama salati kaɗan an ce ki tashi. Wahalar daga baya take zuwa, gudawa da kasala, zan gaya miki abin da nake ci." Na ga kafaɗun majinyaciyata sun sauka. Mako guda ina yi mata wannan bayani bai shige ta ba, amma daga bakin wadda ta kwanta a kan gadon, ya shiga a take. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ranar na ga ma'anarsa da idona.

Gashin nan ba na kwana ɗaya ba ne. Kusan mako biyar ake yi, Litinin zuwa Juma'a, sannan a ƙara da na ciki, kuma ba a so a yanke shi a tsakiya. Macen da ta fito daga nan tana bukatar wurin kwana a kusa da Shika ko Samaru, da mai jinya, da abinci, da wanda zai riƙe mata yara, sau da yawa kuma da ƙarin jini. Injinan gashi a ƙasar nan kaɗan ne, suna kuma tsayawa. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji wanda ya fara aiki a 2021, asibitin Shika yana cikin shida na farko da aka fara da su, sankarar bakin mahaifa kuma tana cikin cututtukan da ya ƙunsa. Mata nawa ne a Makarfi, Ikara da Kudan suka san da shi, balle su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa? Irin wannan sani yana hannun waɗanda suka riga suka sha wahalar, kuma yana tafiya da su kabari ko ya tsaya a ɗakinsu, don ba mu haɗa su da juna ba.

Abin da nake kira gare shi ke nan: majinyata da waɗanda suka warke da masu jinya su san juna. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da adashi, muna da biki, muna da ƙungiyoyin Islamiyya. Abin da zamani ya ƙara mana shi ne waya. Mun ce zumunta a ƙafa take, to ita majinyaciya ƙafar ce ta gaza, kuma kunyar warin jikinta ta hana ta shiga mutane. Amma tana iya danna waya ta yi magana. Ƙaramin zaure a WhatsApp, na mata goma ko goma sha biyar, da saƙon murya, ba sai an iya rubutu ba. Ƙarfe biyun dare ciwo ya hana ta barci, ta yi sallama, wata da ke Ikara wadda ita ma idonta biyu ta amsa. Kafin ta biya kuɗin mota ta tambaya ko injin yana aiki, wadda ke can ta gaya mata. A ce ana neman leda biyu ta jini, wata ta tashi ƙannenta samari masu aikin rake su je su bayar. Wadda ba ta da babbar waya a sa mata wadda za ta riƙa kiran ta duk Juma'a.

Sai dai irin wannan zaure yana da sharuɗɗa, in ba a kula ba ya zama sharri. Dole a samu ma'aikaciyar lafiya guda a ciki mai gyara magana. Masu tallar maganin daji na kwana bakwai za su nemi shigowa, su ne suka cika kwallar Goggo da kwalabe, kada a bar su. Abin da aka faɗa a ciki amana ne, wadda ta tura muryar 'yar'uwarta waje ta ci amana, a cire ta. A kuma tuna cewa waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce, yara suna ɗauka, maigida yana dubawa, don haka kada a tura hoton jiki ko kaɗan. Addu'a da ruƙiyya a yi su, muna bukatarsu, amma a haɗa da zuwa asibiti. Ga mai ganin faɗin irin wannan magana a fili ba ɗabi'armu ba ce, ya dubi Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, 'yar Arewa kamar mu, wadda ta shafe shekaru tana wannan kira har aka zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya.

Bari in dawo kan Sallah, tunda lallenta bai gama fita daga hannuwanku ba. Na shiga gidaje da yawa ranar jajibere na tarar da tsakar gida cike da hayaniya, ana kitso, ana soya, tela ya aiko da ɗinki, ita kuwa majinyaciya tana ɗakin ƙurya an sakaya ƙofa. In ka tambaya a ce, "Me za ta yi da sabon zane tana kwance?" Wallahi tana jin ku. Ku ɗinka mata ankon. In kemo ya zubar mata da gashi, ba ta da abin kitso, to tana da hannun lalle, a ƙunsa mata, a ɗaura mata ɗankwali mai kyau. Warin da ke sa ku nesanta yana da magani, zafin ciwon ma yana da magani mai ƙarfi a manyan asibitoci, ko ga wadda aka ce ba za ta warke ba, ku nema mata. Ku fito da ita inuwa ta zauna a tsakiyarku, in ta yarda a ɗauki hoto da ita. Turmin atamfar da na gani a kwallar Goggo ba a yanka ba, har yau yana ci mini rai.

Ku kuma ɗauki muryarta. Kowane gida yanzu akwai wayar da za ta iya. Ku ce, "Inna, faɗa mana sunayen kakanninmu, daga ina suka zo? Yaya kike haɗa yajin nan naki? Yi wa jikokinki addu'a." Ba sai mai ciwo kaɗai ba, duk tsohuwar da ke gida a yi mata haka kowace Sallah. Ni da zan samu muryar Goggo ta minti ɗaya tana kiran sunana, da na ba da abin da na mallaka. In kuma akwai zobe ko zane ko tasa da take so wata 'ya ko jika ta riƙe don tunawa da ita, ta miƙa da hannunta tana da ƙarfinta, a gaban shaidu, a kuma tambayi malamai yadda kyautar marar lafiya take a shari'a, domin da zarar rai ya fita komai ya zama gado, ba mai ikon ɗaukar ko allura.

Abu na ƙarshe da za ta bar wa 'ya'yanta mata shi ne sunan ciwonta. Wasu daga cikin cututtukan nan, musamman na ma'ajiyar ƙwai da na mama, suna bin dangi. Likita zai tambayi 'yarki wata rana, "Me ya kashe mahaifiyarki?" Kada amsarta ta tsaya a "ciwon mata". Katin asibiti da sakamakon gwaji a adana su tare da hoton Sallah, a nuna wa 'ya'ya. 'Ya'yan Goggo uku, bayan na karanta musu takardar nan, duk sun je an duba su. An sami farin tabo a bakin mahaifar ta tsakiyar, aka kashe shi a ranar. Bana ita ta kawo mini tuwon Sallah, da jikarta a baya.

Magidanta, ranku ya daɗe, izini da kuɗin mota a hannunku suke. In iyalinka ta ce tana ganin jini, kada ka aika a sayo mata magani a kemis, ka kai ta. Iyaye mata, duk yarinyar da ta kai shekara 9 ba a yi mata allurar nan ba, a kai ta asibitin da ya fi kusa a tambaya. Wadda kuma take da takarda a kwalla yanzu haka, ko ta san wadda take da ita, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi, ni da abokan aikina mata biyu. Ba sai kin faɗi komai a gaban mutane ba, ki riƙe hannuna kawai ki ce kina son lambata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.